Masu Gadi Uku a Kwamfutar Goggo

Goggo ƙanwar babana ce, a hannunta na tashi tun ina 'yar shekara tara. A layinmu ba mai kiranta da sunanta, kowa Goggo Tafireta yake cewa, har masu kwasar shara. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin ruwa, a wani dogon ɗaki a bene na biyu, su shida mata, da fanka ɗaya a sama wadda ke juyawa kamar an yi mata dole. In an tashe mu daga makaranta nakan biya wurinta, in zauna a kan kwalin takardu ina kallo. Sauran matan sukan leƙa yatsunsu jifa-jifa. Goggo kuwa idonta na kan rubutun da ke hagunta, hannunta na aikinsa shi kaɗai. Ƙararrawar tafireta ta yi ƙara, ta tura hannun injin, ta ɗora, ko kai ba ta ɗagawa. Kwalbar farin ruwan gyaran kuskure da ofis ya ba ta sai da ta bushe a aljihun tebur, ba ta kai rabi ba.

Mijinta direba ne. Ya rasu babban ɗanta, Yaya, yana aji uku a sakandare, ƙaramar 'yarta Auta kuma tana koyon tafiya. Da waɗannan yatsun goma ta riƙe mu mu uku, ba ta taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinta ba. Ita ta koya mini bugun takarda. Takan rufe mini hannu da ɗankwali ta ce, “Yatsa ya san gidansa, ke ce ba ki yarda da shi ba.” Na sha kuka a kan wannan ɗankwalin. Yau ina aiki a ofishin ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibiti, kuma ranar da aka gwada mu, gudun hannuna ne ya sa aka ɗauke ni.

Kwamfuta ta shigo ofishinsu Goggo ta haura hamsin. Uku daga cikin abokan aikinta suka ce su kam sun tsufa da koyo, aka mayar da su wani sashe. Ita ta zauna ta koya. A watan farko ta karya dogon madannin nan na tazara, saboda dukan tafireta take yi masa. Ta dawo gida tana mita, wai wannan abin ba shi da ƙashi. Kafin shekara ta zagayo ita ke nuna wa sababbin ma'aikata yadda ake tsara wasiƙa.

Da ta yi ritaya, Yaya, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya kawo mata kwamfuta irin ta tebur da ƙaramar firinta. Aka kafa su a lungun falo, kusa da taga, a kan wani tsohon tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da ninkakken kwali. Ta ɗinka musu mayafi da kanta. Ba a yi wata guda ba mutanen layi suka gano hanya. Mai neman aiki ya zo, mai ƙorafi a kan kwata ya zo, 'yan makaranta suka zo da ayyukansu. Ta fi son masu kawo rubutun hannu, ko da kuwa irin na tsakuwar kaza ne. Ta ce ta karanta rubutun injiniyoyi shekara talatin, ba abin da zai ba ta tsoro.

Abin da ya ba ta tsoro daga baya filash ne, ɗan ƙaramin abin nan da ake ɗaukar aiki a ciki daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wata nas, matar aure mai 'ya'ya huɗu da ta koma ƙaro karatu, ta kawo mata aikin kammalawarta, shafi tamanin da huɗu na rubutun hannu. Kwana tara Goggo ta yi a kansa. Ranar da ta gama, nas ɗin ta zo da filash ɗin da ya gama yawo a shagunan gari, aka soka shi, aka kwafa mata aikin. Washegari da safe ta dawo a firgice, aikin ya ƙi buɗuwa a makaranta. Goggo ta ce ta kwantar da hankali, ai akwai shi a kwamfuta. Ta kunna, ta tarar nan ma duk fayil ɗin sun koma wasu baƙaƙe marasa kan gado. Bairos, cutar kwamfuta, ya shiga.

Saura kwana biyar a rufe karɓar aikin. Nas ɗin ta zauna a dandamali tana kuka. Goggo ta shiga ɗaki ta ɗauko takardun rubutun hannun da ba ta riga ta mayar ba. Ta ari kwamfutar hannu a wurin maƙwabcinmu, malamin lissafi, ta sake bugawa daga shafin farko. Cikin kwana huɗu ta gama. Amma tun daga ranar, in ta ga filash sai ta ja da baya kamar ta ga kunama.

Yaya ya zo a ƙarshen mako, ya wanke kwamfutar tas, ya sa mata manhajar tsaro mai tambarin garkuwa ja. Ya ce, “Mama, wannan mai gadi ne. Duk abin da zai shigo sai ya caje shi.” Goggo ta yi ta sa masa albarka.

Bayan wata biyu mijin Auta ya zo gaisuwa. Mutum ne mai son a ga ya yi wa surukarsa wani abu, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Da ya ji labarin bairos ya ce ta Yaya tana da kyau, amma akwai wadda suke amfani da ita a ofishinsu, ta fi iya kama na filash. Yana cikin sa wa kwamfutar, sai ta fito da wani dogon gargaɗi, ya danna wurin ci gaba bai karanta ba. Tambari kore ya zauna kusa da ja. Goggo ta gode masa, ta sa aka dafa masa shayi.

Na ukun malamin lissafi ne. Shi ya ga wahalar da ta sha da idonsa, abin ya tsaya masa a rai. Ya shigo wata ranar da yamma ya ce ya samo wata ta kyauta a intanet, kowa ita yake yabo. Goggo ba ta iya cewa a'a ga wanda ya ara mata kwamfuta ranar da ta shiga uku. Ballantana ma a ganinta, gidan da ke da masu gadi uku ai ya fi mai ɗaya barci da daɗi. Tambari shuɗi ya zauna kusa da ja da kore.

Daga nan kwamfutar ta fara nauyi. In ta kunna ta da safe, sai ta dafa shayi ta sha, ta wanke kofi, sannan ta gama tashi. Fankar cikinta ta riƙa gurnani. Ƙananan tagogi suna faɗowa a fuskarta, ja ya ce ya ga abin zargi, kore ya ce shi ma ya gani, shuɗi ya ce a danna nan. Goggo ta ɗauka aikinsu suke yi, har daɗi take ji. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne haruffa sun daina bin hannunta. Tana bugawa, kwamfutar na can tana fama da kanta, wasu haruffan su makara, wasu su ɓace. Ita kuwa idonta na kan rubutun da ke hagunta, kamar kullum.

Wani kafinta ne ya fara dawo da takarda. Wasiƙar neman aikin kujerun wata makaranta ta buga masa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, “Goggo, ki yi haƙuri, kamar an cinye wasu haruffa.” Ta karɓa ta duba. Kuskure bakwai a shafi ɗaya. Ta gyara masa nan take, tana yi a hankali tana kallon kowane harafi, ta ba shi haƙuri har sau uku. Da ya tafi ta daɗe a zaune tana juya hannunta.

Ko kusa ba ta zargi kwamfutar ba. Kanta ta zarga. Dama gaɓoɓin yatsunta kan yi tsami da sassafe, sai ta ce to, lokaci ya yi. Ta je asibitin da nake aiki ba ta gaya mini ba, ta bi ta ƙofar baya don kada in gan ta. Likita ya matsa nan ya matsa can, ya ce hannunta ya fi nasa lafiya. Ba ta yarda ba, ta ce lallashinta yake yi. Ta fara mayar da masu kawo aiki, ta ce musu ta huta.

Wata Asabar na je gidan, na ga an rufe kwamfutar da mayafinta, an ɗora dutsen guga da filas ɗin shayi a kai. A gidan Goggo ko kofi ba a ajiyewa a kan teburin nan. Ban kai ga tambaya ba wata mata ta yi sallama, da takarda a hannu, tana son a buga mata wasiƙar neman canja wa ɗanta makaranta.

Goggo ta ce, “Ki kai shagon bakin titi, 'yar uwa. Ni na daina.”

Na ce, “Kin daina me, Goggo?”

“Hannun ya gaji, 'yar nan. Ba na son in riƙa ɓata wa mutane takardu.”

Na ce wa matar ta zauna, ni zan buga mata. Na sauke dutsen guga, na kunna, muka yi ta jira. Da ta tashi na fara bugu. Na kai ƙarshen layin farko na ɗaga kai, sai na ga rabinsa babu, sauran kuma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffi a layin asibiti. Na goge na sake. Haka dai.

“Goggo, zo ki gani.”

Ta zo ta tsaya a bayana. Na buga sunan layinmu da sauri, na ɗauke hannuna gaba ɗaya na ɗora a cinya. Muna kallo haruffan suka ci gaba da fitowa su kaɗai, biyu ba su fito ba sam.

Ta ce, “Sake.”

Na sake.

“Ke ma?” Muryarta ta yi ƙasa. “Ke da ko arba'in ba ki kai ba?”

“Ba hannunki ba ne, Goggo. Wannan abar ce ba ta da lafiya.”

“Da masu gadi har uku?”

Matar nan dai da biro muka gyara mata wasiƙarta ta tafi. Ranar Litinin na ɗauki hutun yini ɗaya, muka kai kwamfutar wurin mai gyara. Na ce Goggo ta zauna a gida, ta ce ba ta san zancen ba. Ta naɗe akwatin a zani, ta rungume shi a cinya a cikin tasi, duk ramin da direba ya faɗa sai ta ce masa ya ji tsoron Allah.

Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, kusa da tashar mota, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da fenti. Mai shagon dattijo ne, da rediyo ya fara gyara, ya koma talabijin, da suka daina zuwa ya koma kwamfuta. Injiniya ake ce masa, ko da yake yakan ce shi ko takardar shaidar zuwa ofis ba shi da ita. Tabaransa an ɗaure hannunsa ɗaya da waya. Ya jona akwatin, ya kunna, ya kara kunnensa a jikinsa ya saurari fanka. Sannan ya harɗe hannu ya jira. Da tambarin nan uku suka jeru a ƙasa, ya sauke tabarau ya dube mu.

“Mama, wa ya yi miki wannan aikin?”

“Ɗana, da surukina, da maƙwabcina. Allah ya saka musu.”

“Amin. Amma sun kusa kashe miki ita da ƙauna.”

Ya jawo mata kujera, ya yi mata bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce kowace irin wannan manhaja a bakin ƙofa take tsayawa, duk fayil ɗin da aka taɓa sai ta bincika shi. In ɗaya ce, ba a ma jin ta. In uku ne, ja zai riƙe fayil yana dubawa, kore ya ga wani ya riƙe fayil ya ce ga ɓarawo, shuɗi kuma ya zo yana cajin su duka. Kwamfutar tsohuwa ce, ƙarfinta kaɗan ne, duk ya ƙare a rigimarsu. Harafin da ta buga sai ya tsaya a layi ya jira. Ya buɗe wani wuri ya nuna mata jerin abubuwan da kore ya kama ya killace. Guda goma sha ɗaya, kuma tara daga ciki sassan jikin shuɗi ne.

Goggo ta ce, “Wato junansu suke kamawa?”

“Tun safe har yamma. Ɓarawon gaske ma in ya zo, zai iya wucewa ta tsakaninsu suna cikin kokawa.”

Ta yi dariya, karon farko cikin makonni. Sai kuma dariyar ta tsaya, don ya ce dole a bar ɗaya tak, ta zaɓa.

“Malam, ka haɗa ni da aiki. In na bar ta ɗana, surukina zai ce na nuna masa shi bare ne. In na bar ta suruki, ɗana zai ji. Malamin nan kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu.”

Injiniya ya sosa gemu ya ƙara bincike. Ya ce ta Yaya wa'adinta ya ƙare wata huɗu da suka wuce, ba ta ƙara sabunta kanta ba. Ta suruki tana da kyau amma ta yi wa wannan injin nauyi. Ta malam kuwa tallarta ta fi aikinta yawa. Sannan ya ce akwai abin da ba mu sani ba. Kwamfutar da nata mai gadin ta zo tun daga kamfani, sai dai yakan kwanta da zarar an sa wani. In aka cire ukun nan zai farka, kuma ga irin aikin da take yi ya ishe ta.

Goggo ta ce, “Wato duka za a sallama, ba wanda aka fifita?”

“Duka.”

“To sallame su. Amma a hankali, ba laifinsu ba ne.”

Aikin ya ci yini. Shuɗi ya ƙi fita sai da aka kashe aka kunna sau uku. Muna zaune Injiniya ya yi ta gaya mata abubuwa, ita kuma tana rubutawa a bayan wata ambulan. Ta sami filash ɗaya nata na kanta wanda ba zai taɓa fita daga gidan ba, ta riƙa kwafe aikinta a ciki duk yamma. Filash ɗin baƙo kuwa ta sa mai gadi ya duba shi kafin ta buɗe komai, ya nuna mata inda za ta danna. Sau ɗaya a mako a jona kwamfutar da intanet ta sabunta kanta. In wani ya zo da wata manhajar tsaro, ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ta gode.

Da la'asar ya ce an gama, ta gwada. Goggo ta zauna a kan kujerarsa mai ƙafa uku, ta gyara mayafi, ta ce ya ba ta kowace irin takarda. Ya zaro wani tsohon littafin gyaran rediyo ya buɗe tsakiya. Ta ajiye shi a hagunta, ta ɗora yatsu, ta fara. Da farko a tsorace, sannan hannun ya saki. Ƙarar bugun ta cika ƙarƙashin matakalar nan, har mai yankan makulli ya kashe injinsa ya leƙo. Ta cika shafi ta tsaya. Ni da Injiniya muka bi layi-layi, shi da littafin, ni da fuskar kwamfutar. Ko ɗigo ba ta bari ba.

Goggo ta ɗaga hannayenta ta dube su. Ta ce, “Ku yafe mini, na ɗora muku laifin da ba naku ba.” Sannan ta juya wurin Injiniya, ta yi ta yi masa addu'a, da shi da iyayensa da 'ya'yansa, har ya rasa inda zai sa kansa, ya hau goge tabarau.

A hanyar gida ni haushi nake ji. Na ce mutum uku masu ilimi, ba wanda ya tsaya ya karanta gargaɗi, sun sa ta yi wata biyu tana ganin ta ƙare. Ta ce in rufe mata baki. Ta ce kowannensu ya ga tana cikin tsoro ne ya kawo abin da yake da shi, kuma tsofaffi nawa ne ke zaune ba mai leƙa su balle ya lalata musu kwamfuta?

Ta kira Yaya da kanta. Ya yi ta salati, ya ce wallahi ya manta da zancen sabuntawa. Mijin Auta kuwa ta bakin Auta ta fara aika masa, don kada ya ji kunya, sannan ta kira shi ta ce mai gyara ya yaba tasa, injin ne ya tsufa. Malamin lissafi ta taka ta same shi a ƙofar gidansa. Ya saurara, sannan ya ce ashe shi ya sa tasa kwamfutar ma take rarrafe, biyu ya sa mata. Washegari ya kai ta wurin Injiniya.

Aiki ya dawo. Yanzu shekarunta sittin da bakwai, awa uku take yi da safe, in rana ta yi zafi ta rufe.

Bayan sati biyu da gyaran, Injiniya ya zo har gida, da wata takarda a ninke a aljihu. Ya ce bakinsa ya gaji da maimaita wa mutane magana ɗaya, ya rubuta shawarwarin yana so a buga masa da manyan haruffa ya liƙa a shago. Goggo ta sa tabarau ta karanta, tana girgiza kai.

“Malam, wannan duk jimla ɗaya ce? Ina ka kai aya?”

“Mama, ni waya nake haɗawa, ba jimla ba.”

“Zauna. Na farkon nan da ka ce ‘kada a tara su’, a tara su wa? Mai karatu bai san me ke ranka ba.”

Ya zauna a gefen kujera, na kawo masa shayi. Ya yi ta faɗin abin da yake nufi, ita kuma tana mayar da shi magana. Sai da suka yi awa ɗaya da rabi a kan layi shida, suna gardama a kan kowanne. Ya fita da kwafi biyu, ya riƙe su da yatsu biyu a gefe don kada su yi datti.